Daga Kano zuwa Guangzhou: awa nawa tafiyar take ci?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari wanda ke shirin zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin karon farko domin saro kaya. Ya ce wani shafin intanet ya nuna masa cewa tafiyar awa 13 ce, ejan ɗin da zai yankar masa tikiti ya ce awa 19 da rabi, shi kuma da ya ƙirga lokutan da ke jikin takardar da aka turo masa sai ya ga awa 26 da rabi. Wajen dawowa kuwa takardar ta nuna awa 11 da rabi kacal. Yana so ya san wane lissafi zai kama, da kuma ranar da ya dace ya sanya wa mutumin da zai gana da shi a can.

Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowa da abin da ya auna. Shafin intanet ya auna jirgin da babu shi, wato wanda zai ɗaga daga Kano ya miƙe har Guangzhou ba tare da ya sauka ko'ina ba. Kai ka haɗa agogon ƙasashe biyu a lissafi ɗaya. Ejan ɗinka ne ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma daga tashin jirgin farko zuwa saukar na ƙarshe ya ƙirga, alhali kai daga ƙofar gidanka za ka fara gajiya.

Mu fara da nisan, domin shi kaɗai ne ba ya sauyawa. Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin Baiyun na Guangzhou akwai kimanin kilomita 10,900, fiye da rubu'in kewayen duniya ke nan, tunda kewayenta kusan kilomita 40,000 ne. Idan ka ga wani shafi ya rubuta 6,800 wani kuma 5,900, kada ka ruɗe. Na farko mil ne irin na tudu, wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1.6, na biyu kuma mil ɗin da matuƙa jiragen sama da na ruwa ke amfani da shi, mai kilomita 1.85. Nisan dai ɗaya ne.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne inda gajeriyar hanyar take bi. A taswirar da muka saba gani a bangon aji, sai ka ɗauka miƙewa gabas kawai za a yi, a ɗan karkata arewa. To, duniya a dunƙule take, taswira kuwa a shimfiɗe, kuma ba a shimfiɗa dunƙulallen abu ba tare da an miƙe wani sashe an matse wani ba. Samu ƙwallon duniya irin na makaranta da zare, ka dafe bakin zaren a Kano, ka ja shi ya yi tsam har Guangzhou. Za ka ga ya haura arewa maso gabas, ya ratsa arewacin Cadi da arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya gifta ta kudu da Madina kaɗan, ya bi ta wajen Bahrain da kudancin Iran da Pakistan, ya kai ƙololuwarsa kusa da Delhi ta Indiya, sannan ya gangaro ta kan duwatsun Himalaya zuwa kudancin Sin. Shi ya sa a allon da ke bayan kujera za ka ga hanyar jirgi ta yi baka, har wani ya yi zaton matuƙi yana zagaye. Wannan bakan shi ne miƙaƙƙiyar hanya a kan dunƙulalliyar ƙasa.

Yanzu a gwada wannan zare da garuruwan da 'yan kasuwarmu suka saba yada zango. Ta Adis Ababa, kimanin kilomita 3,300 ne daga Kano, sai wasu 8,000 daga can zuwa Guangzhou, jimla 11,300 da 'yan kai. Ta Alƙahira, kusan 3,100 da 8,000, wato 11,100. Doha kuwa kusan a kan zaren take zaune: 4,750 da 6,200. Ka ga ke nan tsakanin wadda ta fi kusa da wadda ta fi nisa bambancin kimanin kilomita 400 ne kacal, abin da jirgi ke cinyewa cikin rabin awa. Saboda haka ina ba ka shawara ka daina zaɓen tikiti da nisa. A tsakanin waɗannan hanyoyi uku nisa ba shi da ta cewa. Inda yake da magana shi ne idan an ce sai ka fara sauka Legas, domin kilomita 830 ne za ka yi kana ba Sin baya, ko kuma a ce ka bi ta Landan, inda jimlar za ta doshi 14,000, ga kuma zancen bizar wucewa.

Daga nisa zuwa lokaci akwai lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi da wayarsa. Manyan jiragen dogon zango irin su Boeing 787 da Airbus A350 suna gudun kusan kilomita 900 a awa ɗaya idan sun daidaita a sama, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Amma ba da wannan gudun suke hawa ba, ba kuma da shi suke sauka ba. Sannan lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti yana farawa ne tun daga sa'ad da aka turo jirgi baya daga inda ya ɗebi fasinja, har zuwa sa'ad da ya tsaya cak a ɗaya filin, da tafiyar da yake yi a ƙasa da jiran layin tashi duk a ciki. Don haka ka raba nisan da 850, ka ƙara minti 45 zuwa awa ɗaya. Kano zuwa Adis Ababa zai ba ka awa 4 da rabi zuwa 5, Adis Ababa zuwa Guangzhou kuma awa 10 da rabi ko kusa da haka. Awa 15 ke nan da 'yan mintoci a cikin jirgi. Ko jirgin fasinja mafi dogon zango a duniya, na kamfanin Singapore Airlines da ke haɗa Singafo da New York, kimanin kilomita 15,300, lissafin nan ya kama shi: awa 18 zuwa 19.

Abu biyu ne ke karya wannan lissafi a sama. Na farko iska. A tsayin da jirage ke bi akwai wasu igiyoyin iska masu tsananin ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, gudunsu kan haura kilomita 200 a awa, musamman a lokacin sanyi. Jirgi a cikin iska kamar kwalekwale ne a kogi: mai gangara ruwa na tura shi, mai hawa kuwa sai ya yi ta fama. Wannan ne ya sa tafiya gabas ta fi dawowa yamma sauri a yawancin hanyoyi. Daga New York zuwa Landan kusan awa 7 ake rubutawa, dawowa kuma kusan 8, kuma a watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya tsallake wannan tazara cikin awa 4 da minti 56 saboda iskar da ta mara masa baya. Nakan ji masu cewa juyawar duniya ce ke rage wa jirgi hanya, wai ƙasa tana gudu a ƙarƙashinsa. Da haka ne da mai zuwa yamma shi zai riga isa, tunda duniya gabas take juyawa. Iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da duniyar. A hanyarka ta Sin, sa ran awoyin cikin jirgi a dawowa za su ɗara na zuwa da rabin awa zuwa awa ɗaya, gwargwadon watan da ka yi tafiyar da kuma zangon da ka bi. Hanyar Doha da ta Alƙahira sun fi shiga yankin wannan iska fiye da ta Adis Ababa, wadda ta fi karkata kudu.

Na biyu, sama ma tana da iyakoki. Kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta, kuma jirage suna bin hanyoyin da aka shata musu ne. Duwatsun Himalaya da tudun Tibet ana kauce musu, saboda idan iskar shaƙa ta cikin jirgi ta samu matsala dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa kimanin mita 3,000, can kuwa ƙasar kanta ta fi haka tudu. Sai kuma yaƙi da siyasa. Da rikici ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen da ke zuwa gabas daga yankinmu sai da suka riƙa zagaye, kuma alhazan wannan shekarar sun ga yadda tafiyar Jidda ta ƙara tsawo. A watan Agustan shekarar Nijar ma ta rufe nata na wani lokaci, abin da ya tsawaita tafiyar jiragen da ke tsakanin Turai da ƙasashen Afirka na kudu da ita. Tun 2022 da Rasha ta hana jiragen Turai bi ta kanta, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa 9 zuwa wajen awa 13. Wannan ne dalilin da ya sa ba na son mutum ya dogara da abin da wani ya gaya masa na tafiyar da ya yi shekaru uku da suka wuce. Jadawalin wannan watan shi ne abin dubawa.

Sai mu zo kan abin da ya fi ruɗa ka, wato agogo, kuma a nan nake so ka natsu sosai domin a nan aka fi yin asara. Duk lokacin da ke jikin tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi daga Kano agogon Najeriya ne, lokacin sauka a Adis Ababa agogon Habasha ne, na Guangzhou kuma agogon Sin. Habasha da Katar suna gaban Najeriya da awa 2. Masar tana gabanmu da awa 1, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba takan tura agogonta gaba ya zama awa 2. Sin tana gabanmu da awa 7, kuma duk faɗin ƙasar agogo ɗaya take bi. Mutumin Nijar da na Cadi da na Kamaru lissafinsu ɗaya da namu, na Gana kuma tazararsa da Sin awa 8 ce.

Bari mu yi misali da tikiti irin naka. A ce jirgi zai tashi daga Kano ranar Litinin da ƙarfe 13:30, ya sauka Adis Ababa da 20:15. Na biyu zai tashi da 00:30 na Talata, ya isa Guangzhou da 16:00. Ɗauki biro ka mayar da kowane lokaci zuwa agogon Kano. 20:15 na Habasha 18:15 ne a gida, ka ga zangon farko awa 4 da minti 45. 00:30 na Talata a Habasha shi ne 22:30 na daren Litinin a Kano, jira ya zama awa 4 da minti 15. 16:00 na Guangzhou kuwa ƙarfe 9 na safiyar Talata ne a Kano, zango na biyu awa 10 da rabi. Daga 13:30 na Litinin zuwa 9:00 na Talata awa 19 da rabi, daidai da abin da ejan ya faɗa. Awa 26 da rabin da ka samu, awa 7 na bambancin agogo ne suka hau kai. Wajen dawowa abin juyawa yake yi. Idan ka tashi daga Guangzhou 00:30 na Asabar ka sauka Kano ƙarfe 12:00 na ranar, ido zai ga awa 11 da rabi, amma sai ka ƙara 7, tafiyar awa 18 da rabi ce. Ƙa'idar ke nan: zuwa ka debe 7, dawowa ka ƙara 7.

Dubi wannan 00:30 ɗin da kyau. Yawancin jiragen dogon zango a tsakar dare suke tashi, kuma babu kuskuren da ya fi yawa a wannan harka kamar na kwanan wata a irin wannan lokaci. Idan tikiti ya ce Asabar 00:30, to Juma'a da dare za ka bar masauki, wajen ƙarfe 8 ko 8 da rabi, ka isa fili kafin 9 da rabi. Wanda ya jira Asabar da dare zai tarar jirginsa ya tashi tun kusan awa 24 da suka wuce, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni wanda bai bayyana a zango ɗaya ba ana soke masa sauran zangunan da ke kan tikitin. Ka rubuta a takarda da hannunka, da Hausa: "Juma'a da dare zan tafi fili." Haka nan idan ka ga +1 kusa da lokacin sauka, ana nufin washegari. Ka kuma tabbatar da haruffan filayen: Kano KAN ce, Guangzhou kuwa CAN, harafi ɗaya ya raba su, don haka ka duba takardar da aka liƙa wa jakarka kafin ta shige.

Wani ƙarin bayani ga mai bi ta Habasha: mutanen ƙasar suna da nasu ƙirgen awoyi da ke farawa daga wayewar gari, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu. Allunan filin jirgi da tikiti agogon da kowa ya sani suke bi, amma idan ka kwana a gari ka tambayi direba ko ma'aikacin otal lokacin da mota za ta zo, ka sa ya nuna maka a fuskar waya.

Tunda nisa kusan ɗaya ne, gudun jirage ma kusan ɗaya, me ya sa wani tikitin yake awa 19 wani awa 31? Jira ne. Awoyin da ke bambanta tikiti da tikiti a ƙasa ake kashe su, a kan kujerar filin jirgi. A nan zaɓinka yake da tasiri, kuma kuskure iri biyu ake yi. Wani ya ga tikiti mai rahusa bai duba cewa zai yi zaman awa 15 a hanya ba. Wani kuma ya ga mai jiran minti 55 ya ce ya samu mafi sauri, sai jirgin farko ya makara da rabin awa, ya sauka yana ganin na biyu yana ja da baya. Sauri ya haifi nawa ke nan. A ganina kada jiranka ya gaza awa 2, kuma ga mai zuwa karon farko awa 3 zuwa 5 shi ne daidai. Za a iya sauke ku nesa a kwaso ku a bas, za a sake binciken kaya, ƙofar jirgi na biyu tana iya kasancewa a ɗaya ƙarshen ginin, kuma ana rufe ta tun minti 15 zuwa 20 kafin lokacin da aka rubuta. Ga alwala da salla, ga neman abin sawa a baki.

Ka yi la'akari da yanayi a duka ɓangarorin biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jirage sauka da tashi a Kano, wani lokaci a yi jinkirin awoyi, wani lokaci a soke. Guangzhou kuma tana da damina mai tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya daga Afrilu zuwa Satumba, da guguwar teku musamman daga Yuli zuwa Satumba. Idan tafiyarka ta faɗa cikin waɗannan watanni, ƙara wa jiran awa ɗaya. Ka tambayi ejan kuma: jirgin da zai kai ni Kano daga zangon, kullum yake tashi ko kuwa wasu ranaku ne a mako? Idan ba kullum ba ne, kuskure shi na iya zama kwana biyu a hanya.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne tikiti ɗaya. Ka tabbatar duk zangunan suna kan lambar ajiya guda, daga Kano har Guangzhou. Idan haka ne, jakarka za ta wuce kai tsaye, kuma in jirgin farko ya makara har ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba. Idan kuwa an haɗa maka tikiti biyu daga kamfanoni biyu don a rage kuɗi, to a zango sai ka fita ka karɓi kaya ka sake awo, wanda hakan kan buƙaci bizar ƙasar, kuma in ka makara babu wanda zai saurare ka, sabon tikiti za ka saya a farashin ranar. Ga ɗan kasuwa akwai ƙarin matsala: nauyin kayan da kamfanin farko ya yarda da shi ba lalle na biyu ya yarda ba. Tambayi ejan ƙarara, tikiti ɗaya ne ko biyu, kuma ka duba da idonka. Ka tambaye shi har ila yau ko jirgin yana tsayawa a wani gari a hanya. Akwai jirgin da lambarsa ɗaya daga farko har ƙarshe amma yana sauka ya ɗebi fasinja ko ya sha mai, kamar wanda zai tashi daga Kano ya biya ta Abuja. Irin wannan tsayawa kan ci awa ɗaya zuwa biyu kuma ba kullum take fitowa fili a takarda ba. Idan kuma dole ta sa jiranka ya haura awa 8, wasu kamfanoni, ciki har da Ethiopian Airlines, suna ba da masauki bisa sharuɗɗa. A nemi tabbacin wannan tun a Kano, kafin a biya kuɗi.

Yanzu haɗa lissafin gaba ɗaya, daga gida zuwa masauki. Awa ɗaya daga gida zuwa fili idan an yi la'akari da cunkoso. Awa 3 kafin tashi domin awon kaya da jami'an shige da fice. Awa 19 da rabi na tafiya. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a Baiyun kafin a buga maka hatimi ka ɗauki jaka. Filin yana da nisan kusan kilomita 30 arewa da tsakiyar birni, don haka ka ba da wata awar kafin ka isa Xiaobei ko Sanyuanli, unguwannin da 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka. Jimla awa 26 ko kusa da haka. Wannan ita ce tafiyar da jikinka zai yi, kuma da ita za ka yi shiri. Wanda zai taso daga Katsina ko Gusau ko Maraɗi sai ya ɗora tasa hanyar a kai, kuma gara ya kwana a Kano.

Game da ranar ganawa, kada ka sanya ta washegarin saukarka da safe. Jiki yana da nasa agogon, kuma ba ya juyawa da zarar an juya na hannu. Ƙarfe 10 na dare a Guangzhou ƙarfe 3 na rana ne a jikinka, barci ba zai zo ba. Ƙarfe 9 na safe a can kuwa ƙarfe 2 na dare ne a Kano, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi nauyi. A irin wannan hali ne mutum zai zauna ciniki da tafinta, yana juya farashi daga yuwan zuwa dala zuwa naira, yana duba ingancin yadi. Ba na so ka sa hannu a kan odar kwantena a wannan sa'a. Likitoci sun ƙiyasta cewa jiki na buƙatar kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambancin agogo kafin ya daidaita sarai, kuma tafiya gabas ta fi wahalar sabawa. Ba za ka jira mako guda ba, amma idan ka sauka Talata da yamma, ka bar safiyar Laraba don hutu, da rana ka zaga kasuwa ka ga kaya ka ji farashi ba tare da ka yanke komai ba, babbar ganawa kuma ta zama Alhamis, zai fi kyau bayan azahar. Ka fita cikin hasken rana daga hantsi zuwa la'asar, ka ci abinci a lokacin mutanen garin, barcin rana kada ya wuce rabin awa. Sa'ad da za ka aika wa mutumin da za ka gana da shi saƙo, rubuta kwanan wata da lokaci ka ƙara da cewa agogon Guangzhou kake nufi, ka haɗa da lambar jirgin domin ya iya bibiya idan an yi jinkiri.

Kafin ka tsayar da makon ma, duba kalandar Sin. Bikin sabuwar shekararsu yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu da shaguna da yawa kan rufe na mako biyu ko fiye. Makon farko na Oktoba ma hutu ne. Babban baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, yana ci daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Lokaci ne mai kyau na ganin kaya, amma kujerun jirgi kan cika kuma kuɗin otal kan tashi. Ranar dawowarka kuma ta kasance da tazarar aƙalla kwana biyu kafin wa'adin zaman da biza ta ba ka ya cika, domin idan aka soke jirgi kada ka wayi gari ka karya doka.

Akwai abubuwa na cikin jirgi da tsawon tafiyar ya wajabta a faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa yana ninkawa idan mutum ya yi zaman awa 4 ko fiye a tafiya, kai kuwa zango ɗaya kaɗai ya haura awa 10. Nemi kujerar gefen hanya, ka riƙa miƙewa kana takawa duk bayan awa biyu, kana motsa ƙafa a zaune, ka sha ruwa sosai. Mai ciwon suga ko hawan jini, da duk wanda ke shan magani a ƙayyadadden lokaci, ya ga likitansa kafin tafiya da tikitin a hannu domin a tsara masa lokutan, kuma maganin ya kasance a jakar hannu.

Lokutan salla ma suna sauyawa, domin mai zuwa gabas tarar rana yake yi. Idan ka tashi daga Adis Ababa 00:30, alfijir zai keto maka bayan kimanin awa 3, ba awa 4 da rabi zuwa 5 da mutumin da ke ƙasa zai jira ba, kuma tazarar da ke tsakanin alfijir da fitowar rana za ta gajarta ƙwarai. Tagogi a rufe suke a lokacin, fitilu a kashe, sai mutum ya farka ya ga rana ta take. Ka saita ƙararrawa awa 2 da rabi bayan tashi, ka riƙa ɗaga labulen taga kana dubawa. Wajen dawowa dare ne zai yi ta bin ku, awa 11 kusan duk cikin duhu. Mai tafiya a watan azumi ya san cewa yininsa zai gajarta a zuwa, ya tsawaita idan ya nufi yamma da rana. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da salla a zaune, ka zauna da malaminka ka ji su tun kafin ranar tafiya.

Idan Allah ya dawo da kai, za ka sauka Kano da tsakar rana, amma a jikinka magariba ta yi, kuma ka kwana a zaune. Kada ka tuƙa mota da kanka daga fili, a sa yaro ya zo ya ɗauke ka. Abokan tafiyarka da za su wuce Maraɗi ko Damagaram su kwana a Kano, su kama hanya da safe.